Rabin aji a wata firamare ta bayan ganuwar Katsina: yadda aka kori ƙanne, yayye suka bi su

Makarantar da zan yi magana a kanta firamare ce ta gwamnati a ɗaya daga cikin sabbin unguwannin nan da suka tsiro bayan ganuwar Katsina, irin wuraren da a baya gonakin gero ne yanzu kuma ko filin ɗaure akuya sai ka ji kuɗin da zai sa ka dafe kai. Ba zan faɗi sunanta ba kuma ba zan kama sunan kowa ba. Ina cikin kwamitin SBMC na makarantar, wato kwamitin al'umma da ke taya tafiyar da ita, ni ke rubuta abin da aka tattauna in an zauna, don haka rikicin rabin aji, wato ajin share fage kafin aji ɗaya, na shekarar karatu ta 2024/2025 ta hannuna ya bi tun daga farkonsa.

A takarda dai abin a tsare yake. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin tushe ga kowa, ta saka kula da ƙananan yara a cikin ilimin tushe, sannan manufar ilimi ta ƙasa bugun 2013 ta ware shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara 5 kafin ya shiga aji ɗaya, kyauta, malami ɗaya ga yara 25, a koyar da su ta hanyar wasa da waƙa, da harshen gida ko na gari. Wannan shi ne abin da aka rubuta. Mu a wurinmu ɗaki ɗaya ne a ƙarshen bulo kusa da bayi, ba benci, tabarmi ne na roba da suka sha rana, malama ɗaya, sunaye kuma a rajista sun haura ɗari tun kafin a cika mako biyu da komawa.

Wahalar farko ita ce shekaru. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya kyauta ake cewa ana bayarwa ga ƙananan yara, amma wanda aka haifa a gida, ungozoma ta yanke cibi, aka yi suna aka watse, ba wanda ya tuna da wata takarda sai ranar da hedimasta ya tambaya. Wasu kan zo da katin rigakafi, shi ma ya taimaka ƙwarai don akwai ranar haihuwa a jiki, wasu kuma katin ya tafi tare da ɗakin da aka ƙone ko aka baro a ƙauye. To sai a koma dabarar iyaye da kakanni, yaro ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu, in ya taɓo ya isa. Ka ga yaro ya karkace wuya ya lanƙwashe kai yana ta miƙa yatsu, uwa na gefe tana cewa miƙa mana, malama na danne dariya. Dabarar ba ta da tabbas don yaron da bai ƙoshi ba tun yana nono jikinsa ba ya nuna shekarunsa, akwai 'yan shekara 6 da ka gansu ka ce 4 ne.

Abin da ya fi aiki shi ne tambayar uwa mi ake ciki lokacin da ta haihu. In ta ce da azumin kullen korona ne, ka san Afrilu zuwa Mayun 2020 ke nan, yaro ya ba shekara 4 baya. In ta ce lokacin da aka rufe boda, Agustan 2019, ya kai 5. Wadda ta ce satin da aka ɗebi yaran Ƙanƙara, Disambar 2020, bai cika 4 ba. Matan da suka taso daga Batsari da Jibiya da Safana su kuma da yanke sabis suke lissafi, wato Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ɗan wannan lokacin shekara 3 ke gare shi cif. Har wadda ta ce da canjin kuɗi ta haihu mun gani, farkon 2023 fa ke nan, yaron ko shekara 2 bai cika ba, aka ce mata baiwar Allah wannan ai goyo ne ba ɗalibi ba. Hedimasta ya rubuta wannan jadawalin a bayan wata tsohuwar kalanda ya manna a ofis, kuma wallahi ya fi duk wani fom da aka taɓa turo mamu amfani.

Su wa ke cikin ajin? Akwai 'yan unguwa na asali, ɗiyan magina da leburori da 'yan Keke da masu tireda, su ne mafi yawa kuma su suka fi zuwa kullum. Akwai waɗanda aka cire daga makarantun kuɗi, waɗannan sun ƙaru sosai tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, ɗiyan ƙananan ma'aikata ne da kuɗin zango ya gagara, za ka gane su da ganin farko don da yunifom ɗin tsohuwar makarantar suke zuwa, da safa da ɗan kwandon abinci, sun iya rera ABC har ƙarshe amma makon farko kuka suke ta yi don ba su saba zama a ƙasa ba. Iyayensu ne kuma suka fi kowa yawan ƙorafi, ni dai ban ga laifinsu ba, wanda ya taɓa ganin aji mai kujeru da zane a bango dole abin ya tsaya mashi a rai.

Sai ɗiyan waɗanda rashin tsaro ya koro. Waɗannan iyayensu na zaune a kangaye, gidajen da masu su suka ɗora gini suka tsaya, a kafa buhu a taga a shiga, ran da mai gida ya samu kuɗin rufi kuma a tashe su su nemi wani kangon, wani lokacin a wata unguwar daban. Shi ya sa sunansu na rajista amma su ba su nan, ko su ɓace wata guda su dawo. Akwai 'yan kaɗan a cikinsu da Fulatanci ne a bakinsu, Hausar tasu ba ta nuna ba, malama ba ta jin Fulatanci, sai wata yarinya 'yar aji biyar ake kira in abu ya rikice. Akwai kuma yaro ɗaya da aka daɗe ana cewa taurin kai ne da shi, ana kira ba ya waigowa, ashe ba ya ji ne, sai da aka yar da kwano a bayansa bai ko motsa ba aka gane.

Mata sun ɗan fi maza yawa a ajin, abin da zai ba baƙo mamaki in ya saba jin cewa ɗiya mata ne ba a sa wa boko. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, namiji ɗan shekara 5 zuwa 6 a gidajen da suka zo daga ƙauye allo ake fara kai shi, wani ma a ba malam shi gaba ɗaya, mace kuma ba ta kai ɗaukar farantin talla ba tukuna don haka zamanta a makaranta bai rage wa gida komai ba. Sai an kai aji huɗu zuwa shida lissafin ke juyewa.

Kashi na ƙarshe su ne asalin labarin, ƙanne. Yaran da ba a rubuta ba, ba a kawo su don karatu ba, yayarsu ce 'yar aji uku ko huɗu ko biyar ta goyo su ko ta riƙo masu hannu, in an buga ƙararrawa ta tura su rabin aji ta ruga nata ajin. Ba wanda ya san adadinsu don kullum canzawa yake.

Yanzu maganar ma'aikata. Malamar rabin aji tana da NCE amma a fannin Hausa da addini, ba ta karanci renon ƙananan yara ba duk da cewa kwalejojin ilimi na da wannan kwas ɗin. A aji uku take da, da ta dawo hutun haihuwa aka ce a ba ta rabin aji tun da tana da goyo zai fi mata sauƙi, wanda ya yanke wannan hukuncin kam bai taɓa wuni da yara ɗari masu majina ba. Haka abin yake a makarantu da yawa da na sani, rabin aji wurin da ake tura mai goyo ne ko wadda ta kusa ritaya ko wanda ƙafa ke ciwo. Lokacin N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, akwai matasa biyu da ke taimakawa, da aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020 gurbin ya zauna haka nan. Da gwamnatin jiha ta ɗauki malamai sama da dubu 7 a 2023 makarantar ta samu rabonta, amma aji biyar da shida aka kai su don lissafi da Turanci, saboda su ke da jarrabawa a gaba kuma da sakamakonsu ake auna makaranta. Ban ce hedimasta ya yi kuskure ba, in kai ne ma da wuya ka yi daban. Ɗalibai masu koyon koyarwa kan zo daga kwaleji su yi 'yan watanni, lokacin nan ajin kan yi kyau har ka ji ana waƙa da tafi, suna tafiya a koma gidan jiya. Ko a tsarin rabon tallafin UBEC, hukumar ilimin tushe ta ƙasa, da aka daɗe ana bi, kashi 5 cikin 100 ne na wannan matakin, firamare 60, ƙaramar sakandare 35, don haka ba a makarantarmu aka fara mayar da shi saura ba.

Wadda ke riƙe da ajin a gaskiya wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Inna, mai sayar da ƙuli-ƙuli da alewar madara a bakin get. Ba ma'aikaciya ba ce, ba ta cikin kowace takarda. Tun da ta ga malama na fama ta fara shigowa, ita ke kai yara bayi, ita ke wanke wanda ya ɓata wando, tana da tsofaffin zannuwa biyu a jaka na ɗaura wa yaro kafin wandonsa ya bushe a kan katanga. Ta san uwar kowane yaro da kangon da suke. Da ƙarfe goma in an fita tara za ka ga yadda ajin ya rabu, masu kwando sun buɗe taliya, masu naira hamsin sun yi wajen get, saura kuma sun zagaye Inna suna kallon faranti, ta ɓalla ƙuli ɗaya gida uku. Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2016 dama aji ɗaya zuwa uku ya shafa, rabin aji ba ya ciki, kuma shi ma an dakatar da shi a Janairun 2024.

Abin da ya tayar da ƙura a mako na uku ya faru. Wani yaro da bai kai shekara 3 ba ya bi mai baro mai sayar da rake ya fice daga get lokacin tara, ya yi ta tafiya har bakin kwalta, wani ɗan Keke ya tsince shi yana kuka ya kai shi gidan mai unguwa. A makaranta ba wanda ya san an rasa yaro, don ba ya cikin rajista, ba a kira sunansa da safe ba balle a lura ba ya nan. Sai da aka tashi yayarsa ta zo ɗaukarsa ta fasa ihu. Allah ya tsare, amma hankalin hedimasta ya tashi matuƙa, kuma da gaskiyarsa, da mota ta taka yaron nan shi za a fara kamawa. Washegari a asambili ya ce daga yau duk yaron da bai kai 4 ba kar a sake kawo shi, maigadi ya tsaya a get ya mayar da su.

Umarnin ya yi aiki, rabin aji ya sarara har malama ta samu ta yi darasi. Amma kafin mako ya zagayo malaman aji huɗu da biyar suka fara kawo ƙara, layin 'yan mata ya yi gibi. Wata yarinya da ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu a aji biyar kwana biyar ba a ganta ba. Hedimasta ya aika a kira uwar, ina ofis lokacin da ta zo, mace ce da ke aikatau a cikin gari, wanke-wanke da shara, tana fita tun bakwai sai la'asar, mijin an kashe shi a gona a ƙauyensu. Ya ce mata baiwar Allah, yarinyar nan tana da kai, mi ya sa za ki kashe mata karatu? Ta ce Malam ni ban hana ta ba, kai ka hana ta. Gidan da nike aiki Hajiya ta ce kar in zo mata da yaro, kangon da muke ba ƙofa ga rijiya a buɗe, in bar shi da wa? In ka kore mani ƙaramin ai ka kori babbar. Hedimasta ya yi shiru ya juya biro a hannu, can ya ce to ki je Allah ya kawo mafita, ki turo ta gobe da ƙanen nata.

Wannan maganar ita ta sa aka kira zaman SBMC na gaggawa, mai unguwa da liman da wakiliyar mata da shugaban iyaye duk suka zo. An yi ta ja-in-ja. Ɓangaren iyayen da suka dawo daga makarantun kuɗi suka ce makaranta ba gidan raino ba ce, ɗiyansu 'yan shekara 5 ba sa koyon komai saboda kukan jarirai, a tsaya kan doka. Wakiliyar mata ta ce doka ba ta san kango ba. Wani ya kawo shawarar a sa wa kowane yaro kuɗi a ɗauki mai raino, hedimasta ya ce a'a, ilimin tushe kyauta ne, ranar da aka ce ya sa haraji takardar tuhuma ce za ta biyo, kuma waɗanda ake son taimaka mawa su ne ba za su iya biya ba. Liman ne ya raba gardamar, ya ce a bar maganar haraji, shi zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a mai hali ya ba da abin da ya sawwaƙa.

Abin da aka tsayar shi ne a raba yaran biyu. Akwai wani sito cike da karyayyun bencina, matasan unguwa suka kwashe su ranar Asabar, wani magini ya toshe ramukan daɓe da ragowar siminti, aka shimfiɗa tabarmi, nan ne ɗakin ƙanne, Inna ce mai shi, ana ba ta ɗan ihsani duk wata daga abin da aka tara. Aka sayi fo da butoci da sabulu. 'Yan shekara 4 da 5 suka zauna da malama. Aka buɗe littafi na biyu, ba rajistar gwamnati ba, littafi ne mai bango ja na kanti, kowane ƙane a rubuta sunansa, a gabansa sunan yayarsa da ajinta, da safe ita za ta miƙa shi hannu da hannu a yi alama, in an tashi ita za ta karɓa. Get kuma a rufe daga takwas da rabi, masu talla su shigo ciki su zauna gindin bedi maimakon yara su fita. A ganina wannan jan littafin shi ne abu mafi amfani da muka yi duk shekarar, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon masara ba.

An kuma tsara iyaye mata su riƙa zuwa karɓa-karɓa suna taya Inna. Wannan bai je ko'ina ba, 'yan makonni aka yi ya mutu, kuma dama ya kamata a gane, macen da ke da sararin zuwa ta wuni a makaranta ai da ba ta turo ɗanta ba.

Sakamakon ya zo a gauraye. 'Yan matan aji huɗu da biyar sun dawo kusan dukansu, wannan a rajistar azuzuwansu yake ba ji-ta-ji-ta ba. Ba a sake rasa yaro ba. Malama ta fara amfani da murafan kwalba da tsinken tsintsiya wajen ƙirga, yara na rubuta baƙaƙe da yatsa a yashi a bakin aji tun da littafi ba kowa ke da shi ba. Amma ko bayan rabawar abin da ya rage a hannunta ya ninka 25 ɗin nan fiye da sau biyu, ranar da ɗanta ba lafiya kuma ko aka kira su bita, sai a turo babbar ɗaliba daga aji shida da bulala a hannu ta ce kowa ya kwanta ya rufe ido. Gudummawar Juma'a ta yi ƙarfi wata biyu na farko daga nan ta fara ja da baya, akwai watan da shugaban iyaye daga aljihunsa ya cika wa Inna.

Da aka rufe makarantun jihar saboda azumi a Maris 2025, aka haɗa da hutun sallah, yara da dama ba su dawo ba, musamman na kangaye. Da ruwa ya sauka wasu iyalan suka yi ƙundunbala suka koma ƙauye noma, wasu mazan kawai suka tafi. Nan wata gardamar ta taso tsakanina da hedimasta, ni na ce a soke sunan duk wanda ya yi zango guda ba a ganshi ba don mu san gaskiyar yawanmu, shi kuma ya ce alhaji ka bar sunayen nan, da adadi ake kallon makaranta lokacin ƙidayar shekara, da shi ake rabon malamai da kayan aiki, kuma yaran nan kaka na yi za ka gansu sun dawo. Ta wani gefen yana da gaskiya don wasu sun dawo ɗin. Amma har yanzu ina ganin rajistar da ke ɗauke da yaran da ba sa zuwa, ta kuma bar ƙannen da ke zuwa kullum a waje, ba za ta taɓa nuna wa na sama irin ma'aikatan da ake buƙata ba. Ita buƙatar malama kawai take nunawa, alhali abin da ɗakin nan ke nema malama biyu ne da mai raino mai albashi.

Malamar aji ɗaya ta ce mani tana gane waɗanda suka fito daga rabin aji tun ranar farko, ba wai sun iya karatu ba, a'a, sun iya riƙe fensir, sun san a ɗaga hannu a nemi izinin zuwa bayi, ba sa kuka in uwa ta juya baya, wanda aka kawo kai tsaye daga gida kuma sai an ci rabin zango ana lallashi. Yaron nan da ba ya ji an shawarci iyayensa su kai shi asibiti a duba kunnen sannan a nema mashi makarantar kurame, uban ya ce sai bayan kaka.

Kwamiti ya rubuta takarda ta hannun hedimasta yana neman a turo malama mai NCE a fannin ƙananan yara, a kuma duba yiwuwar ɗaukar Inna ko wata a matsayin mai raino, an karɓa an buga hatimi an ce za a duba in an tashi sabon rabo. Inna dai ta ce gwiwoyinta sun fara gajiya da durƙuso, ta kawo wata jikanyarta da ta gama sakandare tana nuna mata aikin, kwamiti bai riga ya yanke ko za a raba ihsanin biyu ba ko za a sake komawa wurin liman.